Cinikin biri a sama? Kafin ka biya kuɗin motar da ba a ƙera ba

Rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda ba su samu damar sauraro ba.

  

Yau maganar mota za mu yi. Na san wani zai ce, to mu da muke fama da kuɗin cefane, ina ruwanmu da sabuwar mota? Ka ɗan yi haƙuri ka saurara, maganar nan tana kusa da aljihunka. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Daga nan hankalin matasa ya koma kan abin hawa mai amfani da lantarki ko gas: keke, babur, ƙaramar mota. Talla ta cika Facebook da TikTok da WhatsApp, ana ce maka ka kama layi tun yanzu, ka ba da kafin alƙalami, kaya na nan tafe, wanda ya riga biya shi zai riga karɓa. Wani lokacin abin hawan ma ba a ƙera shi ba tukuna, hoto ne kawai da bidiyo.

Tambayar da ta yi ta zuwa mana ita ce: in biya ko kar in biya?

Ga abin da nake so ku tafi da shi, ko da kun manta sauran. Ranar da ka ba da kuɗi a kan motar da ba a ƙera ba, bashi ka ba kamfani. Bashi marar jingina, wanda ba ya kawo maka komai, kuma galibi ba shi da ranar biya. Motar alkawari ce, kuɗinka kuwa ya riga ya fita. Saboda haka kafin ka tsaya kallon kyan fitilu da kujeru, ka tambayi kanka: wannan kamfanin, ko wannan mutumin, na yarda in ranta masa kuɗina?

Bari mu fara da dalilin da ya sa kamfanoni ke son wannan tsarin. Ranar 31 ga Maris 2016, Tesla na ƙasar Amurka ya nuna motarsa Model 3, ya ce farashinta zai fara daga dala 35,000, mai so ya ajiye dala 1,000. Jama'a suka yi dogayen layuka a ƙofar shagunan kamfanin tun kafin su ga motar. Cikin mako guda mutum fiye da 325,000 suka biya. Ku yi lissafi: dala miliyan 325 ke nan ta shiga hannun kamfani. Da banki ya je, da sai an nemi jingina, an ɗora masa kuɗin ruwa, an bincika littattafansa. A nan kuwa talakawa ne suka ba shi, suna murna.

Amfani na biyu, sunanka da ke kan layi shi kansa haja ne. Kamfani zai ɗauki yawan sunayen ya kai wa masu zuba jari, ya ce ku dubi yadda ake rububin kayana. Akwai wani kamfani a jihar Ohio mai suna Lordstown Motors da ya ce yana da odar a-kori-kura mai lantarki har 100,000. A watan Maris 2021 masu binciken Hindenburg Research suka fitar da rahoto cewa yawancin odar nan ba ta ɗaure kowa ba. A watan Yuni na shekarar shugaban kamfanin ya sauka, a watan Yuni 2023 kuma kamfanin ya je kotu ya ce ya karye. Don haka in an ce maka mutum dubu kaza sun riga sun yi rajista, wannan ba hujja ba ce cewa mota za ta fito.

To yanzu haɗarin. Zan kawo guda biyar, kowanne da abin da ya taɓa faruwa.

Na farko, lokaci. Ƙera mota ɗaya ta nuni abu ne mai sauƙi, injiniyoyi kaɗan za su iya haɗa ta da hannu. Ƙera dubu biyar a kowane mako, duk iri ɗaya, kowane ƙusa a wurinsa, wannan shi ne dutsen. Mota tana da dubban sassa daga ɗaruruwan masana'antu, in ɗaya ya makara duk layin ya tsaya. Tesla ya so ya ƙera Model 3 guda 1,500 a watanni uku na Yuli zuwa Satumba 2017, ya ƙera 260. Burin 5,000 a mako da aka sa wa ƙarshen 2017 bai cika ba sai tsakiyar 2018. Daga baya Elon Musk da kansa ya faɗa cewa a wancan lokacin saura kamar wata guda kamfanin ya karye. Kun ji fa, wannan shi ne wanda ya yi nasara a ƙarshe. Akwai kuma motarsu ta tsere, sabuwar Roadster, da aka nuna a watan Nuwamba 2017 aka ce za ta fito a 2020. Kuɗin kama layi dala 50,000, wasu ma dala 250,000 suka biya gaba ɗaya. Shekarar 2025 ta shigo babu wanda ya karɓi ko ɗaya. Kowa a cikinmu ya san tela a daren sallah, ka ba shi yadi da kuɗin aiki tun farkon azumi, yana ce maka gobe, gobe. To wannan telan shekara bakwai yana cewa gobe.

Na biyu, farashi. Waccan Model 3 ta dala 35,000 da ta jawo jama'a, ba a fara sayar da ita ba sai ƙarshen Fabrairu 2019, kusan shekara uku bayan an karɓi kuɗin mutane. Masu tsada aka fara ƙerawa, don a nan riba take. Kafin ta iso ga mai ƙaramin ƙarfi, rangwamen haraji na dala 7,500 da gwamnatin Amurka ke ba masu sayen motar lantarki a wancan lokacin ya ragu zuwa rabi a kan motocin Tesla. Wato wanda ya fi buƙatar sauƙin shi ya fi jira, kuma shi ya rasa rabinsa. Sai Cybertruck, a-kori-kurar nan mai kusurwoyi kamar an yanka kwano. An nuna ta a watan Nuwamba 2019, aka ce mafi araha dala 39,900, za a fara ƙerawa a ƙarshen 2021, kuɗin layi dala 100 kacal. Ba a miƙa ta farko ba sai ranar 30 ga Nuwamba 2023, kuma farashin da aka sanar a ranar ya fara daga dala 60,990 ya kai 99,990. Ita mafi arahar ma aka ce sai nan gaba.

Na uku, siffa. Abin da ka gani a bidiyo ba lallai ne shi za a ba ka ba. Ita dai Cybertruck ɗin, an ce babbar cikinsu za ta yi tafiyar fiye da kilomita 800 a caji ɗaya. Da ta fito, abin da aka rubuta mata ya ɗan haura kilomita 500. Ga mai kuɗi wannan ɓacin rai ne kawai. Amma ka ɗauki ɗan uwanmu da ya yi odar keke mai lantarki don sana'a. An ce masa batirin zai yini, ya zo yana mutuwa kafin azahar, da fasinja huɗu a baya da zafin watan Afrilu. Duk lissafin balas ɗinsa ya rushe.

Na huɗu, kayan farko su ne kayan gwaji. Duk masana'anta tana koyon aiki ne a kan motocinta na farko, kuma wanda ya yi saurin kama layi shi ake koyo a kansa. A watan Afrilu 2024 Tesla ya kira Cybertruck kusan 3,900 a dawo da su gyara, saboda marfin totur yana iya zamewa ya maƙale. A watan Maris 2025 aka sake kiran fiye da 46,000, saboda wani ƙarfe na gefen gilashi yana iya ɓallewa a kan hanya. A can akwai hukumar da ke tilasta wa kamfani ya gyara kyauta, akwai garejin kamfani a gari. Kai da ke Gusau ko Maraɗi, wa zai kira ka?

Na biyar, kuma shi ne babba: kamfanin zai iya mutuwa. Wannan kuwa iri biyu ne, ko ya mutu kafin ya ba ka, ko ya mutu bayan ya ba ka.

Na kafin ya ba ka, bari in koma tarihi. A 1938 gwamnatin Hitler a Jamus ta yi wa ma'aikata alkawarin ƙaramar mota ta talaka a kan mak 990. Tsarin kamar adashe: kowane mako ka biya mak 5, a ba ka kan sarki ka manna a littafinka, in ya cika ka karɓi mota. Mutum kusan 336,000 suka shiga. A 1939 yaƙi ya ɓarke, aka juya masana'antar tana ƙera motocin soja, babu mai adashe ko ɗaya da ya karɓi motarsa. Bayan yaƙi suka kai ƙara, ba a daidaita ba sai 1961, inda aka ce ko a yi wa mutum rangwamen da bai wuce mak 600 ba in zai sayi sabuwa, ko a ba shi abin da bai wuce mak 100 ba a hannu. Motar ita ce Volkswagen Beetle, mai doron kunkurun nan da iyayenmu suka hau. Motar ta cika duniya, waɗanda suka fara zuba mata kuɗi kuwa shekara 23 suka yi suna jira.

A zamaninmu akwai Elio Motors a Amurka. Shi ma abin hawa mai ƙafa uku ne, kamar ɗan uwan kekenmu, a kan dala 6,800, ba ya shan mai da yawa. Mutum fiye da 65,000 suka kama layi. Abin lura a nan, kamfanin ya ba da zaɓi biyu: kuɗin da ake mayarwa da wanda ba a mayarwa, kuma wanda ya zaɓi wanda ba a mayarwa shi ake turawa gaban layi. An sami tsohuwar masana'antar General Motors a garin Shreveport, an yi ta ɗage rana, motar ba ta shiga kasuwa ba. Haka Sono Motors na birnin Munich a Jamus, da motarsa Sion mai faranten hasken rana a jikinta, irin wadda in mu muka gani za mu ce don mu aka yi ta. Dubban mutane suka ba da kuɗi, a watan Fabrairu 2023 kamfanin ya ce ya fasa ƙera ta, bayan 'yan watanni ya shiga kotun karyewa.

A nan ne maganar bashi take fitowa fili. In kamfani ya karye, kotu tana jera masu binsa. Bankunan da ke riƙe da jingina su ne a gaba, ana duba haƙƙin ma'aikata da na haraji, ga lauyoyi. Kai mai rasit ɗin kafin alƙalami kana can baya. In tukunya ta zo wurinka da ƙanzo, ka gode Allah.

Na bayan ya ba ka kuwa, Fisker ne misali. Motarsa Ocean ta fito da gaske a 2023, a ƙasar Ostiriya aka ƙera ta. Masu son jerin farko sun ba da dala 5,000 wadda ba a mayarwa, suka sayi mota a kan kusan dala 69,000. A watan Maris 2024 kamfanin ya zabtare farashi, wadda ake sayarwa dala 61,499 ta koma 37,499. A watan Yuni 2024 ya karye. Ragowar motoci fiye da 3,000 aka sayar wa wani kamfanin haya a dunƙule, kowace ta tashi a kusan dala 14,000. Masu motar suka wayi gari da mota a ƙofar gida, garanti ya zama takarda, kayan gyara sun yi wuya. Kuma motar zamani rabinta manhaja ce, in babu mai sabunta ta, ko bakaniken da ya fi kowa iya aiki a Kofar Ruwa sai dai ya tsaya yana kallo.

To, kar wani ya ce na zo in hana mutane ne. A'a. Akwai waɗanda kama layi ya yi wa rana. Dubban masu Model 3 sun karɓi motarsu, ta zama ɗaya daga cikin motocin lantarki da aka fi saya a duniya. Wanda ya ajiye dala 100 a kan Cybertruck ya fasa, an mayar masa da kuɗinsa, abin da ya yi asara bai taka kara ya karya ba. Sabon kamfani kuma dole wani ya fara yarda da shi, in ba haka ba ko namu na gida ba za su taɓa tashi ba. Kuma akwai misalin da nake so ƙwarai. Ranar 1 ga Maris 2022 kamfanin Rivian ya ƙara farashin motocinsa da kusan kashi 20 cikin 100, har a kan waɗanda suka riga suka kama layi. Mutanen suka haɗa kai, suka yi ca, suka fara janye odarsu. Cikin kwana biyu shugaban kamfanin ya ba da haƙuri ya mayar musu da tsohon farashi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wato ma'aunin ke nan: nawa ka bayar, ana mayarwa ko ba a mayarwa, kuma me ka samu a madadinsa? Ƙaramin kuɗi da ake mayarwa, a hannun kamfanin da ya riga ya ƙera dubban motoci, haɗarinsa kaɗan ne. Babban kuɗi da ba a mayarwa, a hannun wanda bai taɓa ƙera ko ɗaya ba, wannan shi ne cinikin biri a sama.

Yanzu mu dawo gida, don namu ya fi nasu nauyi. Yawancin kamfanonin nan da na ambata ba su da ofis a Najeriya ko Nijar. Mu abin da ke zuwa mana shi ne ɗan tsakiya: wani ya ce yana da alaƙa da masana'anta a ƙasar Sin, a tara kuɗi ya yi oda. Ba ina cewa dukkansu macuta ba ne, akwai 'yan kasuwa masu amana da suka shekara suna wannan harka. Amma ka lura, Ba'amurke haɗari ɗaya yake ɗauka, na masana'anta. Kai kuwa huɗu kake ɗauka: masana'anta, da ɗan tsakiya, da canjin kuɗi, da tashar jiragen ruwa.

Mu ɗauki canjin kuɗi. A farkon Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairu 2024 ta haura 1,500. A ɗauka, misali kawai, keken dala 3,000 ne. A farashin farko naira 1,380,000 ke nan, a na biyu 4,500,000. Kai ka ba da naira 500,000 kana ganin ka biya fiye da sulusi. Ranar da kaya suka iso, in a dala aka ƙulla cinikin kuma ba a rubuta canjin ranar da ka biya ba, sai a ce maka ka ciko miliyan huɗu. Ba ka da ita, kuɗinka kuma ba a mayarwa. Ko da an mayar maka ma, a shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 kamar 2024, dubu ɗari biyar ɗin da ta dawo ba ita ce ta tafi ba. Harajin kwastan shi ma da canjin dala ake lissafa shi, in kwantena ta daɗe a tasha kuma kuɗin ajiya yana hawa kullum. Wa zai biya? In ba a rubuta ba, kai ne.

Sannan akwai asarar da ba a gani. Kuɗin nan da ya kwanta shekara guda a asusun wani, da ka sayi babur na hannu da shi, a ɗauka ana kawo maka balas naira 2,000 a rana, kwana 26 a wata, a shekara naira 624,000 ke nan. Wannan shi ne kuɗin jiran da kake biya ba tare da an ba ka rasit ba. Kuma mu faɗi gaskiya, kuɗin matashi a wurinmu ba rarar albashi ba ne. Kwasar adashen uwa ce, ko saniyar gida, ko kason gado, ko abin da aka tara a shekarar bautar ƙasa. In ya tafi, gida ne gaba ɗaya ya girgiza, wani lokacin har zumunci ya lalace.

Abin da ya ƙara burge ni, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da zama a kan wannan mas'ala. Akwai cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya. Ya halatta, amma da sharuɗɗa: a san siffar kayan, a san yawansu, a san farashi, a san ranar bayarwa. Akwai kuma istisna'i, wato ka sa mai sana'a ya ƙera maka abu, kamar kafinta ko mai walda. Shi ma sai an fayyace abin da za a ƙera. Abin da ake gudu shi ne garari, cinikin da ba a san ƙarshensa ba. Kafin alƙalamin da mai kaya ke cinyewa in mai saye ya fasa kuwa, malamai sun yi saɓani a kansa: Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya ba su yarda da shi ba, Hanbaliyya sun yarda. Ni ba fatawa nake bayarwa ba, ka ɗauki takardar ka kai wa malaminka. Amma ku dubi abin mamaki: siffa, farashi, rana. Su ne daidai abubuwa ukun da takardun kama layi suka fi barinsu a buɗe. Da yawa suna rubutawa ƙarara, da ƙananan haruffa a can ƙasa, cewa wannan ba sayarwa ba ce, farashi da siffa da lokaci duk za su iya canzawa.

Don haka in har za ka biya, ga tambayoyin da za ka yi, kuma amsar ta zama a rubuce, da sa hannu da shaidu.

Ɗaya: in na fasa, ko ku kuka saɓa, za a mayar mini da kuɗina? Duka ko wani ɓangare? Cikin kwana nawa?

Biyu: a ina kuɗin zai zauna? Akwai bambanci tsakanin kuɗin da aka ajiye a asusun amana, wanda ba a taɓawa sai an miƙa kaya, da wanda za a biya albashi da haya da shi. In aka ce ka tura asusun mutum ɗaya da sunansa, ba na kamfani ba, ka tsaya nan.

Uku: farashin a ɗaure yake? A naira ko a dala? Ya haɗa da jirgi da kwastan da kawowa garinku?

Huɗu: wace rana? Ba "nan ba da jimawa ba", rana da wata da shekara. In ta wuce, me zai biyo baya?

Biyar: akwai wanda ya riga ya karɓa? Ba bidiyo nake nufi ba. Ka je ka gan shi, ka hau, ka tambaye shi batirin awa nawa yake yi. Gani ya kori ji.

Shida: in ya lalace wa zai gyara, ina kayan gyara, nawa ne sabon batir? A abin hawa mai lantarki batir shi ne mafi tsada, wanda bai san farashinsa ba bai san farashin abin da ya saya ba.

Bakwai, wannan kanka za ka yi wa: in kuɗin nan ya ɓata ƙurmus, zan iya barci? Gidanmu zai ci abinci? In amsar a'a ce, an gama magana.

Ƙarin abu biyu. Takardar rajista ta hukumar CAC tana nuna kamfani yana nan a rubuce, ba ta nuna yana da gaskiya ko yana da kuɗi. Sannan duk wanda ya ce in ka kawo mutum uku za a rage maka farashi, ko za a riƙa ba ka riba kowane wata kafin motarka ta iso, ka tashi daga wurin. Mun ga MMM a watan Disamba 2016, mun ga CBEX a watan Afrilu 2025. Rigar ce kawai ake canzawa. Haka wanda ke ce maka gurbi biyar ya rage, zuwa daren yau za a rufe. Motar da ba a ƙera ba ta yaya za ta ƙare? So yake kar ka samu lokacin yin shawara. 'Yan uwanmu da ke Ingila kuma, ku yi amfani da katin bashi wajen biya in kuna da shi, domin dokar can ta 1974 tana ɗora wa bankin katin alhaki tare da mai sayarwa a cinikin da ya haura fam 100 zuwa fam 30,000. Mu nan da muke turawa ta waya, da zarar ya fita ya fita.

Na ce zan dawo kan Rivian. Abin da ya ceci waɗancan mutane shi ne sun san juna, sun yi magana da murya ɗaya. Mu ma in ƙungiyar 'yan keke ko ta 'yan acaɓa ko matasan unguwa za su yi oda, kar kowa ya je shi kaɗai a ɓoye. Ku haɗu, ku ɗauki lauya ɗaya ya karanta takardar, kuɗinsa in an raba bai kai na katin waya ba. Ku nemi a kawo guda biyu ko uku a gwada su wata guda a kan titunanmu, cikin ƙura da rana da ramuka. Ku biya kashi-kashi: kaɗan a farko, wani in an nuna takardar loda kaya a jirgi, sauran ranar da makulli ya shiga hannu. In an cuce ku, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, kuma ƙorafin mutum hamsin masu rasit ya fi na mutum ɗaya nauyi. Shugabanninmu na jihohi ma, in sun zo da shirin raba abin hawa ga matasa aka ce a fara biyan kuɗin fom ko kafin alƙalami, tambayoyi bakwai ɗin nan su ma a yi musu, ba rashin kunya ba ne.

Ni ra'ayina, ga matashin da jarinsa ke nan guda ɗaya, ka bari masu rara su fara. In abin na kirki ne, baɗi ma yana nan, an gyara kurakuransa, bakanike ya san shi, wataƙila ma ya yi sauƙi. Abin da za ka rasa shi ne a ce kai ne na farko a unguwa, wannan kuwa ba ya cika tukunya. Sauri ya haifi nawa.

A nan za mu tsaya. Wanda ya san ɗan uwa ko aboki da ke shirin tura kuɗi a makon nan, ya tura masa wannan kafin ya danna. Wanda kuma ya taɓa yin irin wannan oda, ta yi kyau ko ba ta yi ba, ya aiko mana da labarinsa, ba sai ya faɗi suna ba, don wasu su ƙaru. Allah Ya tsare mana ɗan abin da muka tara, Ya sa albarka a neman kowa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum warahmatullah.